WA KE CIN RAGOWAR TUKUNYA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, hirar ma'aikata ba ta wuce farashin kwano. Kwanon shinkafa, kwanon wake, kwanon gero, kiret ɗin ƙwai. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A shekarar ce kuma lissafin hukumar na mafi arhar abincin da zai gina jikin baligi guda a rana ya wuce naira 1,000. Ɗauki miji da mata kawai, ba yara, ba baƙo, ba kuɗin haya: naira 60,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin wannan shekarar naira 70,000 ne. Mu masu jiran ƙarshen wata mun san inda wannan lissafi yake tsayawa tun kafin 15 ga wata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, idan cefane ya ragu, ragin ba ya raba kansa daidai a cikin gida. Kwanon maigida ake fara zubawa, da tsokar da ta fi kyau. Sai na yara. Sai na almajiri, ko na tsohuwar maƙwabciya da aka saba miƙa wa ta katanga. Wadda ta sha hayaƙin ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa abin da ya rage mata ƙanzo ne da ruwan miya. Ka tambaye ta, ta ce ƙamshin girki ya ƙosar da ita. Galibi babu wanda ya sa mata doka. Kara ce, da kunya, da yadda ta ga mahaifiyarta tana yi. Shi ya sa ma abin yake da wuyar gyara, don kowa yana masa kallon halin kirki.

To amma jiki bai san kara ba. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda wasu ke kira ayon, da shi jiki yake haɗa jini. Namiji baligi yana buƙatar kusan miligiram 8 a rana. Macen da ke al'ada tana buƙatar kusan 18, don duk wata tana asarar jini. Mai ciki kuwa kusan 27. Wato wadda ta fi kowa buƙata a gidan ita ce ke cin mafi ƙaranci, mai ƙaramar buƙata kuma shi aka tara wa naman. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wannan fa kafin tsadar da muke ciki yanzu.

Kuma ƙarancin jini ba ya zuwa da ganga. Kasala ce, da jiri idan an miƙe, da bugun zuciya bayan hawa bene ɗaya, da ciwon kai, da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Wata za ka ga tana tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa kamar ta samu alewa, likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan kwaɗayi yana tafiya da ƙarancin ƙarfe a jiki. A gidajenmu sunan duk waɗannan alamomi ɗaya ne: son jiki. Akwai abokiyar aikina da ta yi wata da watanni ana mata tsiya wai barci take a kan tebur. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa aka kai ta asibiti, sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Al'adarta ce take zuwa da yawa shekara da shekaru, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba don tana ganin haka mata suke.

Bari in bi abin daki-daki yadda rayuwar mace take tafiya, ko da yake wasu wuraren zan fi tsayawa.

Kan ƙuruciya ba zan daɗe ba, an sha faɗa. Nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, shi ne rigakafin farko da jariri yake samu. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla. Ya kuma nuna kashi 37 na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa fiye da rabi. Yarinyar da ta tsumbure takan tashi da ƙaramin jiki da ƙaramin ƙugu, gobe ita ce a ɗakin haihuwa.

Inda muka fi sakaci, a ganina, shi ne budurci. Ina da 'ya mai shekara 15, kuma ina ganin yadda ita da ƙawayenta suke ci idan an bar su: taliyar leda da safe, biskit da lemon kwalba a makaranta, da yamma awara idan an ci sa'a. Alhali a shekarun nan jiki yake tsawo, ƙashi yake tara ƙarfin da za a ci gajiyarsa har tsufa, ga al'ada ta fara. Babu wanda ke kai budurwa awon jini sai ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata da matan da ke al'ada ƙwayar ƙarin jini lokaci-lokaci a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa, kuma mu muna cikin wuraren. Sannan binciken 2018 ya ce kashi 19 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki, a yankinmu adadin ya fi haka. Ba muhawarar shekarun aure na zo yi ba. Abin da nake cewa kawai, yarinyar da jikinta bai gama girma ba idan ta ɗauki ciki, ita da ɗan cikin suna rabon abinci ɗaya, don haka ita ce ta fi kowa cancantar a cika mata kwano. A gidan miji kuwa amarya ce, kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta ƙoshi ba.

A nan zan ɗan ratse in yi maganar sha-ka-fashe, don wallahi abin yana damuna. Ana gab da biki sai a fara ɗirka wa yarinya ƙwayoyi da haɗe-haɗe wai ta ciko. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da wannan suna maganin asibiti ne mai ƙarfi irin su dezametason, wanda aka yi shi don wasu cututtuka na daban kuma likita ne ke ƙayyade shi. Kumburin da yake sa wa fuska da ciki ruwa ne da kitse. Bayansa akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe a kansa idan ta daina kwatsam tana iya shiga haɗari, sai da likita ake sauka daga kansa. Kuɗin da ake kashewa a kan wannan haɗin da an saya mata ƙwai da wake da nono na wata uku, da ta shiga ɗakinta da jininta.

Sai ciki. Akwai bitamin da ake kira folik asid. Lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Idan wannan bitamin ya yi ƙaranci a makonnin nan, ana iya haifar yaro da buɗaɗɗen baya. Shi ya sa ake so a fara sha tun ana shirin ɗaukar ciki. Mu kuma al'adarmu ɓoye ciki ce har sai ya fito, awo sai wata shida ko bakwai. Na fahimci dalilin ɓoyewar, ni ma 'yar gida ce. Amma ma'aikaciyar awo ba kishiya ba ce, ana iya ɓoye wa unguwa a faɗa mata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum. Yanzu har an fara shigo da wata ƙwaya guda mai ɗauke da sinadarai 15 a wasu asibitocin awo.

Matsalar, ana karɓar ƙwayar a zo gida a jefa a kwaba. Wata ta ce tana tayar mata da zuciya, wata ta ce bayan gidanta ya yi baƙi ko ya yi tauri. Duk gaskiya ne, tana yin haka. Baƙin ba cuta ba ne, tashin zuciyar kuma yakan ragu idan an sha bayan cin abinci ko da dare, in ya ƙi a koma a faɗa a canza. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce maganar da ake yaɗawa cewa ƙwayar da cin abinci mai kyau suna sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwa. Da wannan tsoron ake hana mai ciki ƙwai a wasu gidajen, ita ma ta riƙa rage ci da gangan. Ɗan da aka haifa ba nauyi shi ne ya fi shiga haɗari a makonnin farko. Uwar kuma, zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba a abin da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma jinin da mai cikakken jini za ta zubar ta tashi, mai ƙarancin jini shi zai tafi da ita. Binciken 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Kowannenmu ya san gidan da aka yi suna da zaman makoki a mako guda.

Kada kuma a manta, ba abinci kaɗai ke shan jini ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki ma tana sha. Gidan sauro da maganin kariyar zazzaɓi da ake bayarwa a wurin awo suna cikin lissafin.

Yanzu jego, inda na san wasu iyayenmu za su harare ni. Hajiyoyi ku yi haƙuri, ba raina gado nake ba. Akwai abin yabo sosai a jegonmu: kwana arba'in na hutu, a ɗauke wa mace aiki, a yi mata farfesun kaza da ƙauri da gasasshen nama, a dama mata kunu. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan kalori 500 a rana, wato kamar ƙarin ci guda, kuma al'adarmu ta gane haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Inda gizo ke saƙar shi ne kanwa. Kanwa gishiri ce a wani suna, cike take da sodiyam, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan yankin, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi ya ƙara haska wasu dalilan: rama, ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, talauci, da hawan jinin ciki. Duk ta inda aka bi, maganar tana komawa kan abin da macen nan ta ci da wanda ba ta samu ba. Kuma ko wace ce, macen da ƙafarta ta kumbura ko jininta ya hau lokacin ciki ba ta da haɗi da kofin kunun kanwa safe da yamma. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafa a kumbure, asibiti za a kai ta a ranar. Kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara zafin ruwa.

Sannan ranar arba'in ana gama shan kunu sai gatan ya ƙare ɗif, alhali shayarwa yanzu aka fara. Shekara biyu tana ba da nono daga jikinta, ta koma cin ragowar tukunya, kafin ta farfaɗo wani cikin ya shiga. Tazarar haihuwa a nan maganar abinci ce tsagwaronta, rumbu ne ake ba lokaci ya sake cika.

Na san abin da wani zai ce: Hajiya, duk wannan da wane kuɗin? Gaskiya ne, ba zan ce wa mai albashin dubu saba'in ya riƙa sayen kaza ba. Amma akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda, kuma kada a kora ƙwayar ƙarin jini da shi ko da madara. Ƙarfen da ke cikin wake, zogale, alayyahu da rama jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama, amma idan an haɗa da ɗanyen tumatir, ko aka matsa lemon tsami, ko aka bi da gwaba ko lemon zaƙi, ɗaukar tana ƙaruwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da muke wa kallon abincin marasa hali ya fi abin leda da yawa da ake talla a talabijin. Jiƙa gero da dawa su kwana, ko barin gasara ta yi tsami, yana rage abin da ke ɗaure sinadaran a cikin hatsi, iyayenmu suna yi ba tare da sun san sunansa ba. Ganye kuma a daina dafa shi har ya mutu. Ɗan busasshen kifi a miya, daddawa, fara a lokacinta, hanta kaɗan sau ɗaya a mako (mai ciki kada ta yawaita hanta), duk suna aiki. A sayi gishiri mai aidin, a duba tambarin ido a jikin man girki da fulawa da suga, alamar an ƙara musu bitamin A.

Malt da madarar gwangwani da muke kai wa mara lafiya wai ƙarin jini, a sha don daɗi. Suga ne ya fi yawa a ciki, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Mu kuma 'yan arba'in da ɗoriya, tamu matsalar ta juya. Ni yanzu al'ada ta fara yi min wasa, wata ta zo wata ta ƙi, ga zufar dare. Daga nan zuwa ɗaukewarta, sinadarin da ke kare ƙashi da zuciyar mace yana ja baya, ƙashi ya fara zaizayewa, kitse ya koma ciki. A ofis kuma zama ne daga takwas zuwa huɗu, ga lemon kwalba da cincin a kowane taro, ga shinkafar biki duk Asabar. A gida ɗaya sai ka samu 'ya mai ƙarancin jini da uwa mai ciwon suga, wani lokacin ma mace ɗaya ce ke da ƙiba da ƙarancin jinin a tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ku lissafa dunƙule nawa muke marmasawa a tukunya guda, sannan mu ƙara gishiri, sannan kanwa. Suga kuma kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a rana, kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason. Zoɓon da muke haɗawa a gida ma idan an ga sugar da ake zubawa sai a riƙe baki. A wannan shekarun awon hawan jini da na suga ya kamata ya zama kamar duba ma'aunin mai a mota. Ƙashi kuma yana son kalsiyam: nono, kindirmo, miyar kuka, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Da ɗan shan hantsi a tsakar gida, don rana ce ke sa fata ta haɗa bitamin D, da yawanmu kuwa daga ɗaki sai mota sai ofis.

Mahaifiyata ta haura saba'in. Haƙora sun ragu, ɗanɗano ya ragu, idan an bar ta kunu da goro sun ishe ta wuni. Tsofaffi da yawa haka suke ramewa a gaban 'ya'yansu ana cewa tsufa ne. Tsoka ce ke narkewa don babu abin gina ta, daga nan sai rashin ƙarfi, sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu, wadda tsohuwa ba kasafai take tashi daga ita ba. Abin da muka ga yana shiga shi ne mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa: alale, dafaffen ƙwai, faten wake, kifi da aka cire wa ƙaya, fura da nono ba suga sosai, kunun gyaɗa. Kuma ta fi ci idan an zauna an ci tare da ita. Idan aka aika mata kwano ɗaki, jikoki ne ke cinyewa, ita ce ma za ta kira su ta raba musu.

Ga 'yan uwana maza, musamman abokan aiki da ke tsayawa wurin mai tsire ko mai shayi a hanyar gida su ci ƙwai uku kafin su shiga a ci tuwo tare: ba a hana ku ba. Amma wanda matarsa ke da ciki ko goyo, ya sani a wannan lokacin ƙwan nan ita ya fi wa amfani. Kuma kada ka tambaye ta ko ta ci, za ta ce ta ci. Zauna ka ga abin da ke cikin kwanonta.

Gwamnati ma tana da nata kason, kuma a nan ina magana ne a matsayin wadda ta san yadda fayil yake tafiya. Ana ce wa ma'aikaciya ta ba da nono zalla wata shida, to hutun haihuwar fa? Jihohi irin su Legas da Kaduna sun mayar da shi wata shida ga ma'aikatansu, waɗanda ba su yi ba me ake jira? Ofis nawa ne ke da ɗakin da mai goyo za ta zauna ta shayar? An sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ya dace a ce ana ganin sawun kuɗin a asibitin awo na ƙauye, inda mace za ta taka tafiyar awa guda a ce mata ƙwayar ƙarin jini ta ƙare, ta je kemis ta saya. Kuma duk ma'aikaci ya san sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Jihohi da dama yanzu suna wallafa rahoton yadda aka aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet. Idan na jiharku ya fito, ku nemi layin abinci mai gina jiki a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya matakin farko, ku duba abin da aka ware, sannan ku duba abin da aka saki.